Filin Gwaggo: Baƙo, Biki da Zumunci a Ƙasar Kankiya da Kusada

 Wasiƙun wannan mako huɗu ne. Uku sun fito daga ƙasar Kankiya da Kusada, ɗayar kuma daga ɗan yankin da neman abinci ya kai Abuja. Na haɗa su wuri guda don ciwonsu ɗaya ne. Duk mutane ne da suka tashi a gidajen da ba a rufe zaure, a jihar da ake yi wa kirari da ɗakin kara, ga shi yau hannu ya gaza abin da zuciya take so. Kamar kullum, na sakaya sunaye.

Ya zo kwana biyu, yau watansa bakwai

Gwaggo, ina yi maki fatan alheri. Ni matar aure ce a cikin garin Kankiya, 'ya'yana huɗu. Maigidana malamin firamare ne, asalinsu mutanen wani ƙauye ne ta wajen Rimaye. Da yake mu kaɗai ne dangi a cikin gari, duk wanda ya kawo mara lafiya asibiti wurinmu yake sauka, haka wanda dare ya yi wa a hanyar Kano ko Katsina. Wannan bai taɓa damuna ba. Amma ƙanensa ya zo neman gurbin karatu, Allah bai nufa ba, shi ke nan ya zauna. Ba sana'a, ba cefane, kuma da rana sai ya jawo abokai cin abinci. Buhun masarar da ke kai mu wata biyu yanzu da ƙyar yake wuce wata ɗaya. Sau da yawa nakan zuba wa kowa, ni in kwana da ƙanzo. In na yi magana maigida ya ce, "Baƙonka Annabinka, so kike a ce na auro mai rowa?" Gwaggo, rowa ce ke damuna?

Uwar 'ya'ya huɗu, Kankiya.

'Yata, mai rowa ba ta kwana da ƙanzo don wani ya ƙoshi. Ki cire wannan zargi daga ranki, sannan mu duba maganar da kyau.

Mutane iri biyu ke shiga gidanki, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Tsohuwar da ta biyo jikanta asibiti, ta iso da la'asar ƙafa duk ƙura, wannan baƙuwa ce ta haƙiƙa. Ki tare ta tun daga bakin ƙofa, ki karɓi ƙunshinta, ki shimfiɗa tabarma a inuwa, ki ɗebo ruwan randa a moɗa kafin ma a gama gaisawa. A ajiye mata buta, a dama fura in akwai, in babu a kawo abin da tukunya ta dafa. Ranar tafiya a taka mata har bakin titi. Wannan kada ki bari ya mutu a gidanki ko da masara ta kai nawa, domin gidan da ke bakin babbar hanya, kusa da asibiti, Allah ne ya zaɓe shi ya zama masauki, kuma ladan yana da yawa.

Amma addinin da ya umarce mu da girmama baƙo shi ne ya yi wa baƙunci iyaka. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ana yi wa baƙo hidima ta musamman yini da kwana, baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce. A cikin hadisin ne kuma aka hana baƙo ya zauna har ya jefa mai masaukinsa cikin ƙunci. Mazajenmu da yawa sun haddace rabin farko sun bar na biyu. Mai wata bakwai ya tashi daga baƙo, ya zama ɗan gida, ɗan gida kuwa yana da aiki a wuyansa. Iyayenmu sun san haka. Wanda ya daɗe a gidan mutane da damina da kansa yake saɓa fartanya ya bi maigida gona. Mai zuwa daga ƙauye kuma ba ya shigowa hannu rabbana: 'yar tiyar gero, ƙullin kuka da daddawa, ko kaza a rataye.

Ga abin da nake so ki yi. Na farko, ki yi mako guda kina lissafin tiyar da kike aunawa kullum da bakin da ke ci. Namiji yakan musa ƙorafi, amma da wuya ya musa lissafi. Sai ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, ki fara da yabon halinsa na riƙon dangi, domin hali ne mai kyau. Sannan ki nuna masa lissafin, ki ce tsoronki kada haƙƙin yara ya hau kansa. Ciyar da ke da su wajibi ne, ciyar da abokan ƙanensa kuwa ba ko mustahabbi ba ne matuƙar gida bai ƙoshi ba.

Na biyu, kada maganar tafiyar yaron ta fito daga bakinki. A dangin miji, abin da ɗan'uwa ya faɗa gyara ne, in matar ɗan'uwa ta faɗa ya zama kora, kuma za a shekara ashirin ana tuna miki. Maigida ya je ƙauye ya zauna da mahaifinsu ko babban wansu, a yanke ɗayan biyu: ko a kai yaron wurin koyon sana'a a nan cikin gari ya riƙa kawo ɗan abin cefane, ko ya koma gona kafin lokacin sake neman makaranta. A wannan zaman ne kuma ya kamata a roƙi dangi su riƙa ware wani abu da kaka, kowane gida ko tiya biyar, a kawo gidanku da sunan abincin baƙi. Tunda masaukin na kowa ne, bai kamata nauyinsa ya tsaya kan albashin malamin firamare ɗaya ba.

Na uku, kafin a warware, kada ki rama ta hanyar kwano. Ban da rage masa tuwo, ban da dangwarar da langa, ban da habaici da yara. Ranar da kika yi haka kin ba da hujja a kanki. Amma ki fitar da naki kason tare da na yara kafin a kai na zaure. Mai shayarwa da aikin gida ba ta da izinin horar da kanta da yunwa don a yabi mijinta a majalisa.

Suna so in sayar da shanun huɗa don a yi dina

Gwaggo, ni manomi ne a ƙasar Kusada, shekarata hamsin da 'yan kai. Zan aurar da ɗiyata ta fari bayan kaka. Na yi tanadin gado da katifa da kwanoni daidai ƙarfina. Amma uwarta da ƙannenta mata sun ce sai an yi kamu, an yi wuni, an fitar da anko kala biyu, sannan a kama ɗakin taro a Katsina a yi dina, kamar yadda aka yi wa ɗiyar wan matata. Da na ce ba hali, sai aka ce in sayar da shanun huɗa, in Allah ya hore in sayi wasu. Yau kwana goma ke nan ba a yi mani magana mai daɗi a gidana. Yarinyar ma kuka take yi, wai ƙawayenta za su yi mata dariya. Mi kika gani?

Uban amarya, Kusada.

Malam, Allah ya sanya alheri, ya sa a yi da mu. Amsata a gajarce ita ce kada ka sayar. Shanun nan su ne abincin gidanka na baɗi, su ne kuma garar da za ka kai wa wannan amaryar da kayan barkar haihuwarta. Wanda ya kai bijimi kasuwar Charanchi cikin matsuwa ya san yadda dillalai ke gane fuskar mai buƙata, kuma ya san kuɗin da ya karɓa da kaka ba za su sayo irinsa da bazara ba.

Amma kada ka ɗauki uwargida a matsayin mai son bidi'a kawai. Ka duba abin da take tsoro. Shekara da shekaru tana zuwa bikin mutane, tana kai gudunmawa, tana sayen ankon 'ya'yan wasu. A wurin mata wannan bashi ne da ake rubutawa a zuci, kuma ranar auren 'yar fari ce ranar da ake biyan uwa. In ka hana taro gaba ɗaya ka hana ta ranar da ta daɗe tana jira. Don haka taro za a yi. Abin da za a tattauna shi ne wane iri.

Ka tuna yadda aka yi bikinku. Kwana biyu kafin ɗaurin aure gida ya cika da matan unguwa. Turame a jere ana surfe, wata ta kawo aron babbar tukunya, wata ta kawo itace, tsofaffi suna gefe suna tuƙin nakiya da suyar alkaki. Ba wanda ya yi hayar komai, shi ya sa biki bai karya kowa ba, gari ne ya ɗauke shi. Yau rumfa haya, kujeru haya, mai kiɗa haya, abinci a robobi, nauyin da mutum hamsin ke ɗauka ya dawo kan uba ɗaya. Kuma ka lura da wanda dina a Katsina za ta bari a gida: kakar yarinyar, ungozomar da ta yanke mata cibi, maƙwabciyar da ta goya ta, malamin allonta. Ba za su hau mota da dare su je ɗakin taro ba. Za ka sayar da shanunka ka ciyar da waɗanda ba su san sunanka ba. An kuwa rawaito cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa.

Ka kuma san inda nauyi yake a shari'a. Sadaki da walima na ango ne. Kayan ɗaki al'ada ce ta ɗora wa uba, kuma ka yi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci Abdurrahman bin Auf, attajiri guda, da ya yi walima ko da da tunkiya ɗaya. Walimarsa shi kansa ta auren Nana Safiyya dabino ne da cuku da man shanu, babu nama. Wannan ciwo na gasar biki kuma ba mu kaɗai yake ci ba. A lardin Punjab na ƙasar Pakistan abin ya kai har majalisa ta yi doka a 2016, ta taƙaita abincin taron aure zuwa kala ɗaya, ta kuma ce a tashi da ƙarfe goma na dare. Mu ba sai mun jira doka ba. Liman da mai unguwa da iyayen gari suna iya zama su amince a kan iyakar da kowa zai tsaya, domin abin da ke karya mutane shi ne tsoron zama na farkon da ya rage.

Ka kira ƙanwarka ko yayarka, gwaggon amarya, wadda matan gidan ke jin nauyinta. Ka faɗa mata adadin abin da kake da shi ba ɓoye-ɓoye, ita ta zauna da su. Shawarata a yi kamu da sa lalle a cikin gida, a yi wuni ɗaya mai kyau wanda duk wanda ya shigo zai ci ya ƙoshi: tuwon shinkafa, waina, zoɓo da kunun zaƙi, a aika wa tsofaffin da ba su iya fitowa da nasu kwanon. Anko kala ɗaya mai sauƙin kuɗi, wadda ba ta da hali ta sa abin da take da shi, kada a harare ta. Abin da ya yi saura ka saya wa yarinyar abin da zai zauna da ita, keken ɗinki ko tunkiya biyu.

Ita kuma amarya ka kira ta da kanka, ka zaunar da ita kusa da kai. Kada ka yi mata tsawa, yarinya ce, idon ƙawaye a wurinta babban abu ne. Ka ce mata kana son ranar da ta zo da buƙata bayan aure ta same ka da abin da za ka share mata hawaye. 'Ya'ya suna gane irin wannan magana fiye da yadda muke zato.

"Kuɗinka sun zo, kai ba ka zo ba"

Gwaggo, ni ɗan Kankiya ne, ina aikin gadi da 'yan buge-buge a Abuja. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfina, ga iyali. Sallah uku ban je gida ba. An yi sunan ɗan ƙanwata, an yi rasuwar kawuna, duk ban samu zuwa ba, amma kowane lokaci ina tura kuɗi, ina kuma gaida kowa a zauren WhatsApp na dangi. Rannan na kira Inna, sai ta ce, "Kuɗinka sun zo, kai ba ka zo ba." Maganar ta hana ni barci. Ni a ganina gara in tura mata kuɗin motar ta ci abinci da in ƙone su a hanya. Na yi kuskure?

Ɗanki, Abuja.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ba ka manta da mahaifiyarka ba. Lissafinka na kuɗi daidai ne, amma Inna ba lissafin kuɗi take yi ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ranar rasuwar kawunka, 'yan'uwanta sun zauna a tabarma kowa da ɗansa a gefe yana karɓar gaisuwa, ita kuma ana tambayarta ina wane. Wannan kunya ba ta biyuwa ta hannun mai POS.

Bari in faɗa maka abin da nake zargi, in na yi kuskure ka yafe mini. Ba kuɗin mota kaɗai ke hana ku zuwa gida ba, ku 'yan ci-rani. Kunyar tsaraba ce. Mutum yana ganin tunda an ce yana Abuja, dole ya sauka da buhun shinkafa da atamfofi, ya raba sababbin kuɗi, in ba haka ba gara ya ɓuya. Ka ajiye wannan. Ka je da sabulu sanda biyu da ƙwaryar goro in ka samu, in ba ka samu ba ka je da fuskarka.

Ka ware tafiya ɗaya a shekara wadda ba ta tashi, ka riƙa jefa mata wani abu duk wata, ko ta hanyar adashi. Ba dole sai ranar Sallah ba, lokacin da kuɗin mota ke ninkawa, mako biyu bayanta ma zuwa ne. Ka yi tafiyar da rana saboda halin da hanyoyi suke ciki. In abu biyu suka haɗu, biki da rasuwa, ka zaɓi ta'aziyya, domin mutum yana yafe wanda bai zo farin cikinsa ba, amma yana riƙe wanda bai gani ba ranar kuka. In ka je, gidan kawun nan za ka fara shiga ka durƙusa ka yi gaisuwa, ko da shekara ta zagayo. Sannan ka bi gidajen tsofaffi ɗaya bayan ɗaya da ƙafa. Bayan magariba ka fito da kwanonka ƙofar gida, inda har yanzu ake ciyayya, kowa ya turo nasa tuwon tsakiya, mai miyar kuka da mai miyar kuɓewa hannu ɗaya. A nan za ka ji wanda ke kwance ba lafiya, da gonar da ake rigima a kanta, da yarinyar da aka sa wa rana, abubuwan da ba a rubutawa a waya. In da hali ka tafi da babban ɗanka, ya san ƙofofin da zai buga wata rana.

Kafin lokacin, ka daina tura wa Inna gaisuwa ta hannun jama'a. Ka kira ta ita kaɗai duk Juma'a, ka bar ta ta yi hirarta har ta gaji. Kuma a kiran farko ka faɗa mata watan da za ka zo.

Mun yi rashi, mun kuma ci bashin ciyar da masu gaisuwa

Gwaggo, mahaifinmu ya rasu ya bar mu mu tara, huɗu ƙanana ne. Kwana bakwai muna ɗora tukunya safe da rana da dare saboda masu zaman makoki, har muka buɗe rumbunsa, muka kuma ci bashi. Yanzu ana maganar sadakar arba'in, wai a sayar da akuyoyinsa. Ni ce babba mace, ina jin tsoron in hana a ce ba na son ubana.

Marainiya, Kafin Soli.

'Yata, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. A nan an juya karamci an kifa shi. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar bin Abi Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan hijira, maƙwabta da dangi aka umarta su dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Gidan rasuwa kai masa ake yi. Haka ma muka taras a garuruwanmu: kwana uku ba a hura wuta a gidan mamaci, kwanoni ne ke shigowa daga maƙwabta, da su ake sallamar baƙin nesa.

Maganar sadakar uku da bakwai da arba'in malamai sun yi saɓani a kanta, ba ni zan raba wannan gardama ba, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Amma ban san malamin da ya halatta a yi ta da dukiyar marayu ba. Daga lokacin da Baba ya cika, rumbun nan da akuyoyin nan sun zama na magada. Bayan hidimar jana'iza, sai biyan bashinsa, sai wasiyya, sai rabo. Kason ƙananan nan huɗu ba mai ikon yin kyauta da shi, ko uwarsu.

Kada ki tsaya gardama da baffanninki ke kaɗai. Ki sami limamin unguwa ta hannun mijinki ko ƙanenki namiji, a roƙe shi ya zo ya yi bayanin nan a gaban kowa, a kuma sa ranar rabon gado. Babba a cikinku da ke son yi wa Baba sadaka ya yi daga aljihunsa, ko gumba ce a raba wa almajirai, ko biyan wani bashi da ake binsa, kuma addu'arku kullum ta fi masa tukunya goma.

Ku kuma maƙwabta da ke karanta wannan fili, in an yi rashi a unguwarku, ku riga masu makoki ɗora tukunya. Mai zuwa gaisuwa daga cikin gari ya yi addu'a ya tashi kafin lokacin cin abinci, a bar abin da ya samu ga waɗanda suka zo daga nesa.

Nan za mu dakata a wannan mako. Masu wasiƙun da ba su ga nasu ba su ƙara haƙuri, suna nan a hannu. Allah ya yalwata mana abin da za mu tari baƙi da shi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Taku, Gwaggo.